Yadda nake gyara alamomi uku a rubutun Turanci

Aikina duba rubutun Turanci ne kafin a kai shi ɗab'i, galibi rahotanni da kundayen ɗalibai. Alamomi uku ne suka fi cin mini lokaci: waƙafi mai ruwa (;), ruwa biyu (:) da dogon kara (—). Sai ka ga mutum ya iya nahawu sarai, amma da ya zo kansu sai ya riƙa yayyafa su kamar gishiri, duk inda hannu ya kai.

Abin da ya sauƙaƙa mini aikin dabara ce guda. Ina ɗora yatsa a kan alamar in rufe ta, sannan in karanta abin da ke gabanta da na bayanta daban-daban. Idan kowanne ya tsaya da ƙafarsa a matsayin cikakkiyar jimla, kuma ma'anarsu a haɗe take, to wurin waƙafi mai ruwa ne. Misali: "The results came late; nobody was surprised." Aya ma za ta yi a nan, sai dai tana yanke alaƙar da marubucin yake so a ji.

Inda aka fi tuntuɓe shi ne gaban "however" da "therefore". Kusan kullum nakan tarar an rubuta "The method is cheap, however it is slow." Waƙafi shi kaɗai ba ya iya riƙe cikakkun jimloli biyu a Turanci, kuma "however" ba ta ɗaure su kamar yadda "but" take yi. Gyaran shi ne "The method is cheap; however, it is slow." Ina son wannan alama ƙwarai, musamman a jerin da kowane abu cikinsa yake ɗauke da nasa waƙafin, kamar "Paris, France; Rome, Italy; Cairo, Egypt". Ba don ita ba, mai karatu zai ɗauka wurare shida ake nufi. Tun ƙarshen ƙarni na 15 maɗaba'ar Aldus Manutius a birnin Venis ta fito da ita a siffar da muka sani.

Ruwa biyu alkawari ne: ga bayani ko jeri nan tafe. Sharaɗinsa ɗaya, abin da ya gabace shi ya zama cikakkiyar jimla. Shi ya sa nake goge shi a "The causes are: heat, dust and age", domin ya raba aikatau da abin da ke cika shi.

Kara kuwa iri uku ne, kuma allon madannan kwamfuta ɗaya kawai ya ba mu a sarari. Gajeren, wato karan ɗori, yana haɗa kalmomi kamar "well-known". Matsakaicin yana shiga tsakanin lambobi, 1990–1995. Dogon shi ne mai katse magana don a cusa wani tunani. Jagoran salon Chicago, wani littafin ƙa'idojin rubutu na Amurka, yana rubuta shi ba tazara a gefensa, kamfanin dillancin labarai na AP yana barin tazara, masu ɗab'i da yawa a Ingila kuma matsakaicin suke sawa da tazara. Duk daidai ne, muddin ba a gauraya su a rubutu guda ba. A kwamfuta mai Windows, riƙe Alt da buga 0151 yana ba da dogon, 0150 kuma matsakaicin.

Da dogon kara na fi yin tsanani. Yana shiga ko'ina ba gardama, saboda haka mai gaggawa yakan fake da shi maimakon ya tantance yadda sassan maganarsa suka danganta. In na ga uku a sakin layi ɗaya, nakan bar wanda ya fi ƙarfi, sauran in mayar da su waƙafi, ruwa biyu ko aya, gwargwadon abin da jimlar take nema.