Jagoran da Zai Iya Ce Maka Kada Ka Harba

Duk wanda ya tambaye ni yadda ake zaɓen kamfanin farautar manyan namun daji, tambaya ɗaya nake ba shi ya tafi da ita: a cikin baƙin da suka zo muku bara, akwai wanda ya koma gida bai harbi komai ba? Idan suka ce babu ko ɗaya, suka ƙara da alkawarin lallai sai ka samu, to ka riƙe kuɗinka. Daji ba ya alkawari. Wanda ya yi maka shi, ko dai dabbar tana cikin shinge, ko kuwa zai bar ka ka harbi abin da bai kamata ba.

Ga yadda sana'ar take tafiya. Kamfani yana karɓar hayar wani yanki daga gwamnati ko daga al'ummar da ke da filin, hukumar namun daji kuma ta yanke masa adadin da zai ɗauka a shekara, ɓauna kaza, damisa kaza. Kai baƙo kuɗi biyu kake biya, na kwanakin da za ka yi a sansani, da na dabbar idan ka same ta. Akwai wata ƙa'ida da nake ganin darajarta ƙwarai: muddin ka harba aka ga jini, ko ɗigo ne, dabbar ta shiga lissafinka, an gan ta ko ba a gan ta ba. Wannan kaɗai ya isa ya sa mutum ya nutsu kafin ya taɓa kunamar bindiga.

Ni farautar ɓauna na je a kwarin kogin Zambezi, a Zimbabuwe, cikin rani, lokacin da ciyawa ta bushe kuma dabbobi ba su da zaɓi sai zuwa 'yan wuraren da ruwa ya rage. Na zaɓi ƙasar ne saboda tsaurin lasisinta. Kafin a kira mutum ƙwararren maharbi a can, wato jagoran da ke raka baƙo farauta, sai ya yi shekaru yana almajiranci a hannun wani, ya zauna jarrabawar rubutu, ya ci gwajin harbi, sannan manyan sana'ar su gwada shi a cikin daji. Bindigar da na riƙe .375 ce, harsashin da kamfanin Holland & Holland na Landan ya fitar a 1912, wanda har yau ƙasashe da dama ba sa yarda a tunkari dabba mai haɗari da abin da bai kai shi ba.

Amma ba maharbin ne ya fi tsaya min a rai ba. Masu bin sawu ne.

Tun kafin rana ta fito muke isa bakin ruwa. Babba a cikinsu, wani dattijo siriri da kowa ke kira Baba, zai sunkuya ya dubi ƙasar da ni ban ga komai a kai ba sai tarkacen kofatai, ya ce garke ne ya sha da tsakar dare, amma tsofaffin bijimai sun zo daga baya sun nufi gabas. Yana taɓa kashin dabba da ƙafa ya san ko da ɗuminsa. Yana duba ciyawar da aka taka, ya ga ko ta fara miƙewa. A aljihunsa akwai 'yar jakar toka, jifa-jifa ya girgiza ta ya ga inda iska ta nufa, domin hancin ɓauna ya fi idonta, da zarar iska ta juya ta kai mata warinku, aikin yini ya tashi a banza. Idan carki ya tashi yana kuka a gabanmu, kowa sai ya daskare, don tsuntsun nan a bayan ɓauna yake kiwo. Haka muke tafiya cikin sarƙaƙiya, ƙudan tsando na cizo, ba mai magana, sai nuni da hannu. Ma'aikacin hukumar gandun daji yana biye da mu da tasa bindigar, yana lura da ko an bi doka.

Wata rana da hantsi muka cim ma garke. Aka kafa min sandunan ɗora bindiga, ga wani bijimi a fili, ƙahoninsa masu faɗi, ya ba ni kafaɗa. Numfashina har ya daidaita. Sai na ji hannun maharbin a kafaɗata.

"Yallaɓai, a bar shi. Yaro ne."

Ya miƙo min tabarau mai jawo nesa, ya ce in dubi goshinsa. A tsohon bijimi, gindin ƙahonin biyu yana haɗuwa ya yi tauri ya rufe goshi. A wannan akwai sauran taushi da gashi a tsakani, alamar bai gama girma ba. Raina bai so ba, ƙafafuna sun kumbura da tafiya. Baba ya dube ni ya ce, "Haƙuri, ɗana, tsohon yana gaba." Muka juya.

Wanda na samu daga baya tsoho ne da ya riga ya bar garke, ƙahoninsa sun dakushe, fuskarsa ta yi furfura, jikinsa duk busasshen taɓo. Maharbin ya sha nanata min wurin sa harsashi: ka bi ƙafar gaba zuwa sama, kashi ɗaya cikin uku na ƙirji. Bayan harbin bai bari mun bi shi nan take ba. Ɓauna mai rauni takan shige duhuwa ta juyo ta jira mai bin ta, ga ta dabbar da kan kai kilo 800. Muka tsaya har muka ji kukan nan mai tsawo da takan yi idan rai zai fita. Ban yi ihun murna ba, ba wanda ya yi. Masu fiɗa suka zo da mota, kafin magariba an kai naman ƙauyen da ke maƙwabtaka da yankin.

Na san akwai masu ƙyamar wannan harka gaba ɗaya, kuma ba na raina hujjarsu. Kenya ta haramta farautar manyan dabbobi tun 1977. Botswana ta dakatar a 2014, ta dawo da ita a 2019 bayan koke-koken manoma kan ɓarnar giwaye. A 2015 duniya ta ga abin da aka yi wa zakin nan Cecil a gefen gandun dajin Hwange na Zimbabuwe, aka janyo shi da nama, aka raunata shi da kibiya, alhali yana sanye da abin wuyan masu bincike na jami'ar Oxford. Wannan abin kunya ne, kuma laifin jagora ya fi na baƙo, don shi ne ya san dajin. Haka ma harbin zakunan da aka raina a keji, ban ɗauke shi farauta ba sam.

Abin da ya sa ban juya wa sana'ar baya ba shi ne wuraren da ake yin ta. Yawancinsu ƙasa ce mai zafi da tsando da nisa, wadda masu yawon ɗaukar hoto ba sa zuwa. Shirin CAMPFIRE da Zimbabuwe ta fara a ƙarshen shekarun 1980 an gina shi ne a kan cewa manomin da giwa ke cinye masa gona ba zai kare ta ba sai in yana da rabo a cikinta. Shirin yana da matsalolinsa, kuɗin ba kullum yake sauka ƙauye yadda ya kamata ba, shi ya sa ya zama wajibi baƙo ya yi tambaya.

Ka nemi ganin lasisin maharbin da takardar adadin dabbobin yankin. Ka tambayi nawa ke zuwa ga al'umma, kuma ta wace hanya. Ka tambayi abin da suke kashewa wajen sintirin cire tarkon waya na masu farautar sata. Sannan ka tambayi shekarun da masu bin sawunsu suka yi tare da su, domin kamfanin da ke canza su duk shekara ba ya biyan su haƙƙinsu. Idan ranar tafiya gida ta zo, tukuicin masu bin sawu ka ba su hannu da hannu, kowa da nasa.