Tsawon Wolverine da bakin Deadpool

Lahadi, bayan isha'i.

Yau na wuni ina gwada fina-finan X-Men da littattafan zanen da aka ciro su daga ciki, kuma Wolverine ne ya fi cin lokacina.

A littafi, tun fitowarsa a 1974, gajere ne mai kauri, santimita 160 kacal, ɗan Kanada mai saurin hasala. Hugh Jackman kuwa, wanda ya fito a matsayinsa a fim, ya kai wajen 188. Ba ma shi aka fara ɗauka ba. Dougray Scott aka bai wa rol ɗin, sai aikin Mission: Impossible 2 ya riƙe shi, aka kira Jackman ana tsakiyar ɗaukar fim ɗin da ya fito a 2000. Gajartar nan tana da aiki a labarin: ɗan guntun mutum ne da ke afka wa ƙato irin Hulk ba ja da baya, kuma daga nan rabin zafin ransa yake fitowa. Wannan ya salwanta a fim, har yau ina jin takaicinsa. Amma Jackman ya kama abin da ya fi tsawo wuyar samu. Ya kama gajiyar wanda ya daɗe a duniya, da ƙyamarsa ga taro, da yadda yake sassautowa idan yarinya marar gata ta raɓe shi. A littafi Kitty Pryde da Jubilee ne, a fim Rogue ce, sannan Laura a Logan na 2017. Duba yadda yake kawar da kai yana gunaguni, amma bai taɓa tafiya ya bar ta ba.

Deadpool, wani jarumin na littattafan nan, darasi ne na daban. An zaɓi Ryan Reynolds daidai, domin bakinsa ba ya hutawa, kuma surutu shi ne makamin jarumin. Sai ga shi a fim ɗin X-Men Origins: Wolverine na 2009 an rufe masa baki ruf a faɗan ƙarshe. Reynolds ɗin ne dai ya dawo a fim ɗin Deadpool na 2016 aka yi ta yabo. Laifin na marubuta ne, mai zaɓe ya yi aikinsa.

Inda ake yawan faɗuwa shi ne a gwada ɗan wasa cikin kayan yaƙi kawai, alhali galibin jaruman nan mutum biyu ne a jiki ɗaya. Da yamma na sake kallon Superman na 1978 saboda wannan. Akwai inda Christopher Reeve yake tsaye a gidan 'yar jarida Lois Lane a matsayin Clark Kent, sunan da Superman yake ɓad da kama da shi, kafaɗa a sunkuye, murya siririya. Ya cire tabarau, ya miƙe baya, muryar ta yi kauri, sai ka rantse an sauya mutum, ba a yanke hoto ba, ba a canja riga ba. Da ni ke gwaji, wannan fitowar zan fara bai wa kowane ɗan wasa kafin a auna masa ƙwanji.