Ƙabalu da sadalu: gardama ba tare da an raba sahu ba

Mai sakin hannu a salla, wato mai sadalu, yana da madogara. A Mudawwana, littafin fiƙihun Malikiyya, Ibnul Ƙasim ya ruwaito cewa malaminsa Imamu Malik bai so kama hannu, wato ƙabalu, a farilla ba. Mai kamawa shi ma Malik yake kawowa, domin a littafinsa Muwaɗɗa akwai hadisin sahabi Sahlu ɗan Sa'ad, cewa ana umartar mutane su ɗora dama a kan hagu. Malami ɗaya ne fa, ya rasu tun 179 bayan Hijira, kowa yana jan gefen rigarsa.

Kafin murya ta tashi, a fara tantance matsayin abin: ba farilla ba ne, sallar kowa ta yi. Sannan ka faɗi hujjar abokin gardamarka da bakinka, har ya ce "haka ne", kafin ka soke ta. A nan ake tuntuɓe, don da yawa ba su taɓa jin hujjar ba sai daga bakin masu sukarta.

Abin yana lalacewa ne idan tambaya ta sauya daga "mene ne dalilinka?" zuwa "ɗan wace ƙungiya ne kai?" Daga nan sai ƙin bin liman, sai ka ga sabon masallaci a bayan tsohon.