Wata na 14 da kyamara: ƙurar filin kokowa da gardamar R1

Assalamu alaikum ƴan'uwana masu koyo. Watana 14 ke nan da sayen ƴar Canon 600D ɗina, ta hannu, wadda wani ɗan'uwa ya kawo mini daga Yamai zuwa nan Tawa cikin kwali an naɗe ta da tsohon zane. Wancan karon na ba ku labarin yadda na daina jin tsoron harafin M, wato tsarin da kai kake saita komai da hannunka. Wannan karon maganar kokowa ce, da wata gardama a kan kyamarar Canon R1 da ta ci mana dare uku a fada, don su biyun sun haɗu a wuri guda cikin kaina.

Da kokowar zan fara, tunda a can na sha wuya. Mu mutanen Adar ba a gaya mana daɗin kokowa. A garin nan aka fara gasar ƙasa a 1975, kuma har yau idan lokacin gasar takobi ya matso, jihohi 8 kowace ta fitar da ƴan kokowa 10, unguwanni ba sa zama shiru. Da la'asar ta yi sanyi samari suke share fili su zuba rairayi, masu ganga su zauna gefe, a fara gwada ƙashi. Can na riƙa zuwa da gilashina mai zuƙowa, 55 zuwa 250.

Ranar farko na koma gida da hotuna sun fi 300, kuma babu kaye ko ɗaya a ciki. Akwai masu kirari, akwai layu da guraye a damtse, akwai wani yaro da ya hau katanga yana leƙe, amma abin da ya tara mutanen babu shi. Dalilin a fili yake. 600D ta 2011 ce, hoto 3.7 take ɗauka cikin daƙiƙa guda, kuma idan da RAW kake aiki, wato ɗanyen fayil mai nauyi, bayan hoto 6 sai ta tsaya tana zuba wa kati. Ni kuwa da zarar sun kama juna nake danne maɓalli, sai kyamara ta cika ta yi tsit, ƴar jar fitilarta tana ci, daidai lokacin da ƙafar mutum ta bar ƙasa. Ina kallon kayen ta cikin gilashi, ina danna, babu amsa. Filin ya kaure da ihu, ni ina tsaye da baƙin ciki a maƙogwaro.

Na kai kukana wurin maigidana, dattijon da ya buɗe shagon hoto tun zamanin fim, wanda nake zama wurinsa ina koyo. Ya duba hotunan ɗaya bayan ɗaya bai ce uffan ba. Da ya gama ya ce, "Ɗana, mi kake kallo in suna kokowa?" Na ce, "Fuskokinsu, Baba." Ya ce, "To ka koma ka kalli ƙafafu. Gobe ka bar na'urar nan gida."

Haka na yi kwana biyu ina zuwa hannu rabbana. Sai na fara ganin abin da yake nufi. Kafin kaye akwai alama. Wanda zai kayar yakan rage tsawo kaɗan, ya kafa ƙafar baya cikin rairayi har diddige ya nutse, kafaɗarsa ta shiga ƙarƙashin ta abokin karawa. Wani lokaci ma masu ganga sukan riga kowa ganewa, kiɗan ya canza. Tsakanin wannan da faɗuwa bai fi ƙiftawa biyu ba. Da na dawo da kyamara sai na hana yatsana motsi har sai na ga diddigen ya nutse, sannan in saki uku kawai. Na sa gudun labule, wato tsawon lokacin da haske ke shiga kyamara, a 1/1000 na daƙiƙa, na buɗe gilashi iyakarsa, ISO, wato ƙarfin jin hasken kyamara, 400 in rana tana sama, 800 in ta sunkuya. Cikin ɗigon saiti 9 da kyamarar take kama abin ɗauka da su, na tsakiya kaɗai nake amfani da shi, don shi ne mai kama layi a tsaye da a kwance, sauran sukan ruɗe cikin ƙura. A mako na biyu na samu kaye 4 masu kyau. Ɗaya daga ciki na tsaya rana tana gabana, ta bayan ƴan kokowar, ƙurar da suka tayar ta zama kamar garin zinariya, mutum yana sama ƙafafunsa biyu a iska, igiyar layarsa ta miƙe. Na wanke shi babba, yana rataye a shagon Baba yanzu.

To ana cikin haka ne wani abokinmu, wanda ba ya rabo da kallon masu gwada kyamarori a waya, ya kawo maganar Canon EOS R1 wurin shayi. Ga waɗanda ba su bi labarin ba: ranar 17 ga Yulin 2024, ana saura kwanaki kaɗan a buɗe wasannin Olamfik na Paris, Canon ya sanar da kyamarori biyu a tare, R1 da R5 Mark II. R1 ita ce uwar garke, wadda aka daɗe ana jira, kuɗinta a 2024 dala 6,299 ba gilashi, wato sama da sefa miliyan 3 da rabi kafin a yi maganar kwastan. Tana ɗaukar hoto 40 a daƙiƙa. Amma megafiksel ɗinta 24 ne, wato ɗigon hoto miliyan 24, kuma nan ne masu hoto da yawa a duniya suka ɓata rai. Suka ce Nikon Z9 da ta fito tun 2021 tana da 45.7, Sony a1 tana da 50, ita kanta ƙanwarta R5 Mark II tana da 45 a kan dala 4,299 a lokacin. Wasu suka ce wannan tsohuwar Canon R3 ce kawai aka sake wa riga. Masu aikin wasanni da na kamfanonin labarai kuwa, da yawansu ba su damu ba, don su abin da suke so shi ne hoto ya fita daga kyamara ya isa gaban edita cikin gaggawa, kuma fayil mai nauyi cikas ne gare su.

Fadarmu ta rabu gida biyu kamar yadda duniyar ta rabu, ko da yake babu wanda ya taɓa riƙe R1 a cikinmu. Abokin nan namu ya dage cewa 24 raini ne a kan wannan kuɗi. Ni ban yarda ba, kuma ga lissafina. Hoton 10 da 15 da muke wanke wa mutanen biki da suna bai buƙaci fiye da megafiksel 2 da ɗoriya ba. Mai 24 yana ba ka ɗigo 6,000 a tsawo da 4,000 a faɗi, wanda zai wanku tas a kan takarda mai santimita 50 da 34. Tawa mai 18 ita ta ba da hoton da ke bangon Baba, kuma ba wanda ya shigo ya ce ya ga ƙwaya ta fashe. Yawancin aikinmu ma a WhatsApp yake ƙarewa, inda ake matse shi. Inda na ba shi gaskiya shi ne wajen yanka: mai ɗaukar tsuntsu ko raƙuman dawa na Kure daga nesa, idan zai yanke rabin hoto ya jefar, 45 za ta yi masa rana.

Abin da ya tsaya mini a rai game da R1 daban ne. Tana da wata dabara: idan ka ɗan taɓa maɓalli ba ka danna duka ba, tana ta ɗauka a ɓoye tana zubarwa, da ka danna sai ta adana maka har hoto 20 na rabin daƙiƙar da ta wuce kafin yatsanka ya sauka. Da na ji haka sai da na ajiye kofin shayi. Wannan fa ita ce ainihin matsalar da na yi mako biyu ina fama da ita a fili. Mai R1 zai iya jira ya ga kaye ya auku sannan ya danna, kuma ya samu. Ba zan ɓoye muku ba, na yi sha'awarta ƙwarai a daren nan, na kwanta ina tuna kayen da suka wuce ni.

Da safe na sake auna abin. Rabin daƙiƙa tana ceton wanda ya riga ya tsaya a gefen da ya dace, ya zuƙo daidai, ya san wane ne cikin biyun zai tashi sama. Hoton ƙurar nan da nake alfahari da shi, tsayuwata ce ta kawo shi, don na zagaya na fuskanci rana tun kafin su shiga fili. Sannan R1 tana da wani tsari da aka koya wa gane motsin ƴan wasa ya bi wanda ke da ƙwallo, amma wasanni uku aka fito da shi a kansu: ƙwallon ƙafa, kwando da raga. Kokowarmu ba ta ciki. Mutum biyu a sarƙe, kai a ƙasa, ƙura ta rufe su, wannan har yanzu sai idon da ya saba. Kuma ku lissafa: 40 a daƙiƙa, danna goma na daƙiƙa ɗai-ɗai hoto 400 ne. Wa zai zauna ya tace su a tsohuwar kwamfuta, kuran yana zuwa yana tafiya?

Yanzu ga inda maganar ta shafi aljihunmu kai tsaye, kuma shi ne nake so ku riƙe. Ba R1 ce za ta zo hannunmu ba, amma hanyar da kamfanonin suka dosa ita za ta yanke abin da za mu tarar a kasuwar hannu nan da ƴan shekaru. Tun ƙarshen 2021 shugaban Canon, Fujio Mitarai, ya faɗa wa wata jaridar Japan cewa 1D X Mark III ta 2020 ita ce ta ƙarshe cikin manyan kyamarorinsu masu madubi. Ƙarfinsu ya koma kan marasa madubi masu bakin ɗaura gilashi na RF, wanda suka fara a 2018. Nikon ma haka, tun D6 ta 2020 hankalinsu yana kan Z, marasa madubinsu, kuma a 2024 suka sayi kamfanin RED mai kyamarorin sinima, abin da ke nuna bidiyo suka sa gaba. Sony kuwa da a9 III ta fito da sansa, wato farantin da ke karɓar hasken hoto, mai karanta hoton duka lokaci guda, hoto 120 a daƙiƙa. Ma'ana ƙwararrun Turai da Amurka suna ta sauke masu madubi, kuma kayan da suka sauke su ne ke gangarowa wurinmu ta Kwatano da Kano da Yamai.

Don haka shawarar da na yanke wa kaina ita ce in zuba kuɗina a gilashi. Bakin EF na masu madubin Canon tun 1987 yake, gilasansa sun cika duniya, kuma da ƴar adafta suna hawa kan kowace R su yi aiki lafiya. Sai dai a lura da abu biyu. Gilashin EF-S, irin wanda ke zuwa da ƙananan kyamarori kamar tawa, zai hau ta adafta, amma a kan babban sansa kyamarar yanke hoton take yi, ka rasa fiye da rabin megafiksel ɗinka. Na biyu ya fi muni: kyamarorin EOS M, irin su M50 da suke yawo da araha suna jan ido, Canon ya daina wannan layi, kuma gilasansu ba sa hawa RF ko da adafta. Wani ƙanenmu saura kaɗan ya zuba tarinsa na shekara a kan M50 da gilashi biyu, Allah ya sa ya tambaya tukuna. In don bidiyon yau ne tana aiki, amma kada a saye ta da tunanin gobe.

Akwai kuma maganar ƙura, wadda masu gwaji a waya ba sa daɗewa a kanta don ba su san hunturunmu ba. A mai madubi, idan ka cire gilashi, madubi da labule suna tsare sansa. A marar madubi da yawa, sansa a tsirara yake kallonka. Shi ya sa Canon ya sa labule ya rufe idan an kashe manyan R, Nikon kuma ya yi wa Z9 murfi na musamman. Duk wanda zai sayi marar madubi don aiki a Tawa ko Agadas, wannan ce tambayar da zai fara yi kafin ta megafiksel. Ni ko da madubin, bayan makonnin kokowa na ɗauki sararin sama a f/22, wato ƙofar gilashi a matse, na ƙirga ɗigon datti 11. Da ƴar robar hura iska na fitar da 9, bakin kyamara yana kallon ƙasa. Biyun da suka rage na bar wa Baba, don ban kai ga taɓa sansa da hannuna ba tukuna. Kada ku hura da baki, yawu ya fi ƙura illa. Kuma na daina canza gilashi a fili sam, wanda na fita da shi da shi nake dawowa.

Abin da nake tari a kansa yanzu 7D Mark II ce ta 2014: hoto 10 a daƙiƙa, ɗigon saiti 65, jiki mai toshe ƙura, kuma gilasaina biyu za su hau ta kai tsaye. An ƙera labulenta ya kai danna 200,000, don haka duk wadda aka kawo mini sai na ga adadin da ta riga ta yi kafin in miƙa ko dala. Ina zuba jikka 10 duk wata daga kuɗin hotunan suna. Wanda ya taɓa riƙe ta cikinku, ya gaya mini yadda take yi da ISO 1600 bayan magariba, don a nan tawa take gazawa.

Ranar Juma'a akwai karawa a unguwarmu bayan la'asar. Zan tsaya gabas da fili, da 55 zuwa 250, ina son in gwada 1/60 ina bin ɗan kokowa da kyamara lokacin da yake zagayen kirari, ko taron da ke bayansa zai narke ya bar shi shi kaɗai a tsaye.