Kiɗa daga kwamfuta, murya daga miksa

Kusan shekara biyu ina ɗaukar murya a ɗakina da ƙaramin akwatin sauti mai ƙofa biyu, kafin na sayi miksar dijital, XR18 ta Behringer, ta hannu. Ba ta da maɓallan ja sama da ƙasa a jikinta, da manhaja ake sarrafa ta a waya ko a kwamfuta. Wayar USB ɗaya ce tsakaninta da kwamfuta, amma a cikin wayar akwai hanyoyi 18 masu tafiya, 18 masu dawowa. Aikin farko da na ɗora mata shi ne amshin wata waƙar biki. Na riga na gama kiɗan a Cubase, manhajar haɗa waƙa a kwamfuta, na ɗauki babbar murya, saura ƙanina ya ɗora amshi sau uku a kai.

Ya saka hedifon, na saki kiɗa, bai kai ƙarshen baiti ba ya ɗaga hannu.

"Yaya, muryata biyu nake ji. Kamar ina magana a cikin tulu."

Na karɓi hedifon ɗin na gwada da bakina. Gaskiyarsa ne. Laifin kuma nawa ne, ba na na'ura ba. Muryar tana isa kunne ta hanya biyu. Ta farko daga makirufo zuwa miksa zuwa hedifon kai tsaye, abin da bai kai milisakan ɗaya ba, wato kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa. Ta biyu kuwa sai ta shiga kwamfuta, ta ratsa Cubase, sannan ta dawo tare da kiɗa, domin na bar maɓallin sauraron layin a kunne kamar yadda na saba da tsohon akwatina. Murya ɗaya, ta iso sau biyu, ɗaya na bin bayan ɗaya. Inda suka haɗu sai wasu sassan sautin su kashe juna, abin da ya rage ya fito a shaƙe.

A nan ne na zauna na yi lissafin da ya kamata in yi tuntuni. Kwamfuta ba ta sarrafa sauti ɗigo-ɗigo, sai ta tara shi a bafa, wato ɗan ma'ajin jira, tukuna. Bafata tana kan ɗigo 512, aikin kuma yana kan ɗigo 44,100 a daƙiƙa, wato milisakan 11.6 wajen shiga, wasu 11.6 wajen fita. Da ɗan abin da juya sauti zuwa lamba ke ci, an doshi 25. Sauti yana tafiyar mita 343 a daƙiƙa, don haka daidai yake da mutum ya ji muryarsa daga lasifikar da ke tazarar mita takwas da wani abu. Mai sauraro ba zai damu ba. Amma mai rerawa yana jin muryarsa ta cikin ƙashin kansa nan take, sai kuma ga wata ta biyo baya, dole ya rikice. Ko ya ja baya yana jiran ta, ko ya yi gaba yana gudun ta.

Na fara rage bafa zuwa 128, inda jinkirin ke komawa milisakan 2.9 kowane ɓangare. Tsohuwar kwamfutata ta kasa ɗauka, kiɗan ya riƙa ƙaras-ƙaras. Sai na bi ɗaya hanyar: na kashe sauraron layin a Cubase gaba ɗaya, na bar miksa ta riƙa ba shi muryarsa. Na tura kiɗan ta hanyoyi na 17 da 18, na sauya wannan layin na miksa ya karɓa daga USB. Yanzu kiɗa daga kwamfuta yake zuwa, murya daga miksa, kowanne ta hanya ɗaya tak. Har na ɗaga bafa zuwa 1024 ba wanda ya ji bambanci, saboda manhajar tana sanin jinkirin ta wurin direban ASIO mai haɗa ta da miksa, ita ke mayar da abin da aka ɗauka gurbinsa.

Matsala ta biyu ta fi ciwo, don ba mu gano ta ba sai da muka gama. Da na ware amshin in saurare shi shi kaɗai, sai ga ganga da fiyano a ciki raɗau. Na zaci hedifon ne ke yoyo cikin makirufo, amma yoyo siriri ne, wannan kuwa cikakken kiɗa ne. Ashe layin da nake ɗauka a Cubase na ɗora shi a kan hanyar da ke ɗauke da babbar mafitar miksa, inda komai ke haɗuwa. Kiɗan ya fito daga kwamfuta, ya shiga miksa, ya sake komawa a cakuɗe da murya. Ba a raba gari da ruwa bayan an dama. Aikin yammacin nan duka muka zubar, kuma sai da na ba shi haƙuri, domin ya ba da muryarsa tsakani da Allah.

Tun ranar, abin da ake ɗauka ina cire shi ne daga bakin ƙofa: layi na ɗaya zuwa USB na ɗaya, kafin a taɓa shi da gyaran sauti ko matsi. Abin da kunne zai ji kuma ina haɗa shi daban a mafitar gefe, da ƙaramar amfilifayar hedifon. Wannan rabuwar ce ta sa na ga amfanin kuɗina. Ƙanina yana son amsa-kuwwa mai yawa a kunnensa, yana cewa ita ke buɗe masa maƙogwaro. Ina zuba masa ita daga miksa yadda yake so, ko kaɗan ba ta shiga abin da ake ɗauka. In ya ce, "Yaya, rage mini ganga, ƙaro babbar murya," sai in turo babbar muryar ta wata hanyar USB daban, ta samu nata ma'aunin. A ganina, duk wanda ke hana mawaƙi jin daɗin hedifon da sunan yana son busasshiyar murya bai san kayan aikinsa ba ne. Ana iya samun biyun.

Wani abu da na lura: in kiɗa ya yi masa ƙarfi a kunne sai ya riƙa ihu, in muryarsa ce ta yi yawa sai ya noƙe. Kafin mu fara ɗauka nakan bar shi ya rera baiti ɗaya ko biyu muna daidaitawa, ba na gaggawa a wurin.

Akwai gwajin da nake yi duk lokacin da na sauya saiti. Ina fitar da ƙarar ƙwas-ƙwas ta ma'aunin bugu daga wata mafita, in mayar da ita da waya cikin layi na 16, in ɗauka, sannan in ƙara girman hoton sautin in ga ko ta faɗa daidai da ta asali. In akwai 'yar tazara, Cubase yana da wurin gyara ta. Minti biyar ne.

Washegari da la'asar muka sake ɗaukar amshin. Sau uku ya ɗora, ban tsayar da shi ko sau ɗaya ba. Da na ware layin farko na saurara, muryarsa ce kawai, sai numfashinsa kafin kowane baiti.