Kwamfutar matafiyi: abin da nake ba masu zuwa shagona

Shagona yana Beirut Road a Kano, sana'ata saida kwamfutar tafi-da-gidanka da gyaranta. Yawancin kayana tokumbo ne, daga Computer Village ta Ikeja muke saro su. Cikin masu zuwa akwai waɗanda hidimarsu ba ta wuce rubutu, lissafi a Excel, aika saƙo da taron bidiyo ba, amma kullum suna hanya: yau Abuja, jibi Maraɗi. Tambayarsu ba ta canzawa: "Malam, in ɗauki tsohuwa mai ƙwari ko in ƙara kuɗi in sayi sabuwa?"

Tsofaffin suna da masoya, kuma ba a banza ba. ThinkPad X220 ta 2011 da X230 ta 2012 sun sha wuya a hannun mutane suna nan daram. Sukurudireba ɗaya ta isa ka buɗe su, ka ƙara ram (ƙwaƙwalwar da kwamfuta ke aiki da ita), ka cire tsohon faifai ka sa SSD (ma'ajiya mai sauri), batirin ma zare shi ake yi ta baya. Ni mai gyara, irin su nake jin daɗin taɓawa. Amma ba na ba matafiyi su yanzu. Batirinsu na asali ya daɗe da tsufa, wanda ake samu a kasuwa kuwa sai an dace. Ga caja mai zagayen baki, idan ka manta ta a masauki ka shiga uku. Uwa-uba, Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba 2025, ita kuwa Windows 11 a hukumance tana neman furosesa (injin kwamfuta) na Intel jenareshan na takwas zuwa sama.

Shi ya sa nake ja layi a 2018, lokacin da kwamfutocin ofis masu jenareshan na takwas suka fito. ThinkPad T480, HP EliteBook 840 G5, Dell Latitude 7490: duk na ofis ne, duk suna karɓar caji ta USB-C. Wannan ƙaramar kafa ita ta sauƙaƙa wa matafiyi. Caja ɗaya mai wat 65 ta ishe ka kwamfuta da waya, fawa-banki mai ƙarfi ma yana iya ɗaga ta a mota ko idan NEPA sun ɗauke wuta. Mai hawa jirgi dai ya kula, fawa-banki a jakar hannu yake tafiya, kuma ƙa'idar da aka saba ita ce kada ƙarfin batirinsa ya wuce 100Wh. T480 na da wata baiwa: batir biyu gare ta, ɗaya a ciki ɗaya a waje, kana iya canza na wajen tana kunne. Sai dai ta ɗan fi sauran nauyi, wajen kilo 1.6.

Wanda aljihunsa ya kai, MacBook Air M1 ta ƙarshen 2020 ba ta da fanka ko kaɗan, don haka ba ta zuƙar ƙurar hunturu, nauyinta kilo 1.29, batirinta na kai mutum yamma. Nakan dai gaya masa tun kafin ya biya: "Alhaji, ram ɗinta da ma'ajiyarta a liƙe suke, yadda ka saya haka za ka rabu da ita." Sirara da yawa haka suke yanzu, har ThinkPad X1 Carbon ram ɗinta a liƙe yake. Mai sayen irin su ya nemi mai ram 16GB tun farko.

Ribata ta fi yawa a kan masu tsada, ba na ɓoyewa. Amma kafin kuɗi su shiga hannuna, ko wacce ce, sai mun duba batir tare. A Windows, umarnin powercfg /batteryreport yana nuna ƙarfin da aka ƙera batirin da shi da wanda ya rage masa. Idan ragowar ta yi ƙasa sosai, ko in sa sabo ko in rage farashi. Daga nan in sa kwamfutar da cajarta a jakarsa, in ce ya rataya ya taka zuwa bakin titi ya dawo. Da yawa a nan suke ajiye mai allo inci 15 su koma kan mai 13 ko 14.