Kafin ka rataye fuskar mutum a bango

Ƙannena masu ɗaukar hoto da masu zane da masu sassaƙa, ina ganin yadda kuke ta shirya baje kolin ayyukanku a gidajen matasa da ɗakunan ƙungiyoyi na unguwannin Yamai, abin yana faranta mini rai. Shi ya sa nake so in ba ku labarin baje kolina na farko, domin wanda ya riga ka barci dole ya riga ka tashi, kuma kurakuran da na yi a lokacin har yau ina ganin wasunku suna shirin maimaita su.

Daga Tawa na zo Yamai karatu, a nan na kamu da son kyamara. Bayan shekara uku ina yawo da ita daga kasuwar Katako zuwa Wadata zuwa bakin kogi, sai na ga na isa in nuna wa duniya abin da na tara. Mu uku muka haɗa kai: ni da hotuna 24, wani abokina mai zane da fenti, da wani maƙeri da ke haɗa siffofi da tsofaffin ƙarafan da yake tsinta a Katako. Wata ƙungiyar matasa ta ba mu aron ɗakin taronta na mako biyu. Ni na ɗauki nauyin shirya komai, don haka duk abin da ya lalace, a wuyana yake.

Babban kuskuren yana cikin zuciyata tun kafin in buga ƙusa ko ɗaya. A zahiri a unguwa na rataye hotunan, amma a raina Turawa nake jira. A wancan lokacin duk wani matashi mai fasaha idonsa na kan cibiyar al'adu ta Jean Rouch, da ma'aikatan ofisoshin jakadanci da na ƙungiyoyin agaji, don su ne ke sayen aiki da tsada. Sai na riƙa zaɓen hotunan da nake zaton za su taɓa zuciyarsu: yaro da tsumma, jaki ya durƙushe da kaya, mace ta gaji. Takardar gayyata da Faransanci, bayanin ƙasan kowane hoto da Faransanci, farashi kuwa wanda ko shugaban ƙungiyar da ta ba mu ɗakin ba zai iya biya ba. Mai shagon da ke jikin ƙofar ma ban gayyace shi ba.

A cikin hotunan akwai wanda na fi alfahari da shi. Wata dattijuwa ce 'yar Adar, mai sayar da kwaɗon zogale a bakin hanya. Na ɗauke ta daga nesa da tsakar rana, ba ta sani ba. Ta jingina da bango, ta ɗora hannu a goshi, idonta a rufe, ƙwaryarta a gabanta an rufe da faifai, takalminta na roba ɗaya ya tsinke an ɗaure da waya. Hasken ya faɗo daidai a kan jijiyoyin hannunta. Na wanke shi babba, na sa shi a bangon da ke fuskantar ƙofa, na rubuta kalma ɗaya a ƙasa da Faransanci, wadda ma'anarta ita ce talauci.

Kwana na huɗu da buɗewa wani mutum ya shigo, da alama daga wurin aiki yake, ya tsaya gaban hoton ya daɗe. Na matso ina murna, ina zaton mai saye ne. Ya juyo ya ce, "Malam, kai ka ɗauki wannan?" Na ce ni ne. Ya ce, "Mahaifiyata ce." Bai ɗaga murya ba, kuma da ya ɗaga da ya fi mini sauƙi. Ya ce da wannan ƙwaryar ta ciyar da su su shida bayan rasuwar mahaifinsu, da ita ta biya masa kuɗin makaranta har ya iya karanta kalmar da na rubuta, kuma ba ta taɓa miƙa hannu ga kowa ba. Ya ce wani ɗan garinsu ne ya gani ya kai labari, yanzu magana ta kai har ƙauye cewa an manna tsohuwa a bango ana neman taimako da ita. Sai ya tambaye ni, "In da innarka ce, haka za ka rubuta?"

A gabansa na sauke hoton. Washegari na bi shi har gida, na durƙusa na ba ta haƙuri. Ta ce, "Ɗana, da ka yi mini sallama ai da na gyara ɗankwalina." Wannan maganar ta fi duk wani darasin hoto da aka taɓa koya mini. Ba hoton ta ƙi ba. Abin da ya ɓata mata rai shi ne an sace ta a lokacin da ba ta shirya ba, aka kuma raɗa mata sunan da ba nata ba.

Daga baya na zauna na duba aikin magabata da idon basira. Philippe Koudjina, wanda aka haifa a Kwatano ya zauna a Yamai, ya ɗauki samari da 'yan matan garin nan a shekarun 1960 da 1970, a wuraren rawa da bukukuwa. Malick Sidibé na Bamako, wanda aka ba babbar lambar yabo ta baje kolin Venis a 2007, shi ma haka. Duba fuskokin da ke cikin hotunansu: mutane ne da suka ci ado, suka tsaya yadda suke so a gan su, suna kallon kyamara ido cikin ido. Sun san mai hoton, shi ma ya san su. Aikin da ya kai waɗannan mutane ƙasashen duniya, tun farko don 'yan unguwa aka yi shi, su ne suka biya kuɗin wanki suka kai gida. Ni kuwa na juya abin, na fara da neman baƙo na manta da mai gida.

Don haka shawarata ta farko, kuma wadda ta fi sauran nauyi: duk wanda fuskarsa za ta hau bango, shi ya kamata ya fara ganin hoton. Ka kai masa a waya ko a takarda, ka faɗa masa inda za a rataye da abin da za a rubuta a ƙasa, da harshen da yake ji, Hausa ko Zabarmanci ko Fulatanci ko Buzanci. In matar aure ce ko yaro, ka san gidan da za ka yi sallama. In ya ce a'a, ka haƙura ko da shi ne hoton da ya fi kowane kyau. Mai zane ma bai tsira ba. In ka zana mutum har ana gane shi, hukuncinku ɗaya da mai kyamara.

Kuskure na biyu a kan abokina maƙeri ya faɗa. Ya haɗa siffofin mutane masu tsawon yaro, da kai da hannu da ƙafa, na jera su daidai bakin ƙofa don su ja hankali. Sun ja, amma ta wata hanyar. Dattawan unguwa suka ƙi shiga, aka fara cewa an kawo gumaka ɗakin da a wasu ranaku ake karatun allo na manya a ciki. Na fusata a lokacin, na ce rashin wayewa ne. Yau na san laifina ne. Na tashi cikin Musulunci, na san malamai da yawa suna ƙyamar siffa mai jiki ta abu mai rai, amma ban je na gaida liman da mai unguwa na yi musu bayani ba. Da na je, da sun faɗa mini abin da za su lamunta da wanda ba za su lamunta ba, mu kuma mu san abin da za mu kai wannan ɗaki da abin da za mu ajiye wa wani wurin. Abokin nawa yana da kwale-kwale da tukunyar shayi da wata bishiya ta ƙarfe, duk na tura su lungu. Bishiyar ma kaɗai ta isa a yi hira a kanta, tun da kowane ɗan Nijar ya san labarin bishiyar Tenere da mota ta kaɗe a 1973, aka kawo gangar jikinta gidan tarihi na Boubou Hama, aka kafa ta ƙarfe a gurbinta.

Gidan tarihin nan, wanda aka buɗe tun 1959, ku riƙa zuwa, ba don kallon namun daji da ƙasusuwan dinoso kawai ba. Ku zauna wurin maƙera da dukawa da masaƙa da ke aiki a cikinsa, haka ma na ƙauyen masu sana'ar hannu na Wadata. Sun daɗe suna nuna aiki ga jama'a, sun san yadda ake sa farashi da yadda ake magana da mai saye. Mu da muka yi boko muna raina su, alhali su ne ke cin abinci da hannunsu.

Sauran kurakuran ƙanana ne amma sun ci mini kuɗi. Na zaɓi watan Afrilu, lokacin da zafin Yamai ke wuce digiri 40, a ɗaki mai rufin kwano. Na manna hotuna a kwali da gam mai araha, kafin mako ya cika duk sun lanƙwashe sun ɓanɓaro. Mai zanen ya yi amfani da fentin gida a kan yadin da bai shafa wa farar ƙasa ta farko ba, zanen ya tsattsage. Na sa buɗewa ƙarfe shida da rabi, ana fara jawabi aka kira magariba, jama'a suka watse, da muka dawo kuma an ɗauke wuta, babu ko fitila a hannunmu. Yanzu bayan la'asar nake buɗewa, a lokacin sanyi in da hali, sai dai a riƙa goge ƙurar hunturu kowace safiya. Ban kuma rubuta komai da masu ɗakin ba. Zane ɗaya ya ɓace, babu takardar da ta nuna adadin abin da muka shigar, zumuncina da abokina ya yi shekara bai daidaitu ba. Ku rubuta kowane aiki da sunansa da farashinsa, da kason masu ɗaki in an sayar, ku sa hannu su sa hannu. Hotunanku kuma kada su zauna a katin kyamara ɗaya ko waya ɗaya.

Batun farashi, ku yi manya don mai hali, ku yi ƙanana na jika ɗaya ko biyu don malamin makaranta da mai tela. A baje kolina na biyu ƙananan nan ne suka biya mini kuɗin wanki da na katako. Na bi fada-fada ina shan shayi ina gayyata, na roƙi wani shugaban makaranta ya kawo ɗalibansa, na rubuta bayani da Hausa da Zabarmanci sannan Faransanci, ni kuma na zauna a ɗakin kullum don waɗanda ba su karatu. Tambayoyin yara sun fi na manya zafi. Wata yarinya ta tambaye ni me ya sa babu wanda ke dariya a bango guda, na duba na ga gaskiyarta.

Dattijuwar nan ma ta zo. Watanni kafin nan na koma na ɗauke ta da izininta, ranar Juma'a, ta sa atamfarta mai ruwan shuɗi, ta ce lallai ƙwaryar ta fito a hoton. Cikin guda biyar ita ta zaɓi wanda za a rataye, ba kuma shi ne wanda ni na fi so ba. Ɗanta ya kawo ta a taksi, ta tsaya gaban hoton ta sa ya karanta mata abin da ke ƙasa, sunanta da garinsu da sana'arta, yadda ta faɗa mini in rubuta. Ta gyaɗa kai, ta ce in an gama in kai mata shi gida, akwai ƙusa a saman gadonta.